Huɗa a Cikin Kwamfuta

Damina biyu Baba bai taka gonarsa ta Maruta ba. Tun da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye muka dawo da shi gidana a Birnin Kudu, kusa da asibiti. Mutumin da a da ko barkono ba a dasawa sai da izininsa, ya koma in an tambaye shi me za a shuka sai ya ce, "Ku yi yadda kuka gani." Wannan amsar ta fi ciwon ba ni tsoro. Ni kuwa lokacin ina koyon zanen ƙasa a kwamfuta, irin wanda ake ganin tudu da kwari kamar a taɓa. Sai na ƙudura, tunda shi ba zai je gona ba, gonar ce za ta zo.

Kwamfuta ba ta san tudu ba, lamba ta sani. Saboda haka na sa yayana, wanda noman ya koma hannunsa, ya aro tiyon ruwa irin na magina. Muka bi gonar muna kafa turke duk taku goma, muna auna yadda kowanne ya ɗara na kusa da shi bisa. Kwana uku muna yi, yana mitar wai boko ya taɓa ni. Na ce ya riƙe tiyo daidai, ba shawara na zo nema ba.

Na dawo na jera lambobin, kowane turke da nasa uku: nisansa gabas, nisansa arewa, da bisansa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, duk ƙasar da kwamfuta za ta zana, da alwatika take ɗinke ta. Ta ɗauki turke a layin farko, ta ɗauki na layi na biyu, ta sake komawa na farko. Kowane sabon turke ya haɗu da biyun da suka gabace shi, alwatika ta fito. Layi biyu su ba da ƙyalle ɗaya dogo, ƙyallaye su haɗu su zama gona. Na yi ta juya abin a raina, yadda ƙasa mai gangare za ta fito daga abu mai kusurwa uku.

Ta fito kuwa, amma wasu dogayen tsage sun keta ta daga wannan gefe zuwa wancan. Na duba lambobin, lafiya lau. Sati guda ina fama. Na zagi kwamfutar, na zargi yayana da karkata tiyo.

Wata rana da hantsi ina zaune gefen tabarmar Baba ina ƙunƙuni, sai ya ce, "Uwata, ke da wa?" Sunan mahaifiyarsa gare ni, haka yake kirana. Na juya masa allon, na yi masa bayani ba don ina zaton zai kula ba: ina bin layi daga yamma zuwa gabas, in na kai ƙarshe in koma yamma in kama na gaba.

Ya daɗe yana kallo. "To ai ke kika ɓata abinki. Wa ya taɓa huɗa haka? Kin kai ƙarshen kunya, sai ki jawo garma ta tsakiyar gona ki koma farko? Inda shanu suka tsaya nan ake juya su, a kamo ta gaba a dawo."

Na sake duba allon. Ashe tsagen nan sawun komawata ne: turken ƙarshe na gabas yana haɗuwa da na farko na yamma, alwatika ta miƙe ta ratsa gonar kaf. Nan take na sauya jerin, layi ɗaya ya tafi gabas, na biye ya dawo yamma, a wurin juyawa na maimaita turke guda. Tsagen suka ɓace, gona ta kwanta lumui.

Ya ce in matso da kwamfutar. Ya ɗora yatsan hannunsa mai lafiya a kan tudun, ya gangaro da shi a hankali har kwarin da ke kudu, ya tsaya.

"Me yayanki ya zuba nan bana?"

Na ce gero.

"Gero? A inda ruwa ke kwana? Wurin shinkafa ne wannan! Kira mini shi."

Na ce a bari sai ya taso daga gona.

"Uwata, na ce ki kira mini shi yanzu."

Ban taɓa jin daɗin tsawa irin ta ranar ba. Nan da nan na lalubo lambar yayana, na kara wa Baba wayar a kunne.