Ungozomar da Ta San Shekarun Kowa

Inna Larai ungozoma ce a wani ƙauye bayan Ruwan Godiya. Ba ta yi boko ba, amma a kanta take riƙe da shekarar haihuwar duk wanda ta yanke wa cibiya: wancan shekarar fārin dango, wancan shekarar da aka ƙone rumbunan Malam Barau.

Rafi ne ya raba ƙauyen da titi. Da damina sai dai a tsaya bakinsa ana kallon ruwa. Nan 'yarta Mansura ta cika, naƙuda ta zo mata da gardama, mai mashin ya kasa ƙetarewa da ita. Larai na riƙe da kanta.

Bayan sadakar arba'in ta ja mata suka zauna kan titin Kankara, ba jifa ba zagi, sai zannuwan goyo da suka shimfiɗa a kwalta. Manya suka zo da motoci masu sanyi, suka yi alkawarin gada, aka ɗauki hoto. Damina biyu ta wuce, ko bulo ɗaya ba a sauke ba. Abin ya ci mata rai ƙwarai.

Wani direba ne ya faɗa mata gaskiya ba kunya, wai ƙauyen da ƙuri'arsa ba ta cika ƙwarya ba, wa zai yi wa gada? Ashe kuwa haka ne. Mata ba sa yankar katin zaɓe, samari kuma sai a ce masu ba su kai ba, tunda babu mai takardar haihuwa.

To, wannan kam aikin Larai ne. Babu gidan da ake hana ta shiga. Tana dafa ruwan wankan jego tana tambayar kati. Budurwa ta ce ai ba ta isa ba, Larai ta ce mata ƙarya take, da hannunta ta karɓe ta shekarar da kwalara ta shigo, sha tara cif. Magidanta suka yi ta gunaguni, ta ce duk mai ja da ita ya nemi wata ungozomar. Wa ya isa! Ranar kasuwa take kwasar mata da samari zuwa rajista, a ƙasa, ita ce gaba da sandarta.

Da zaɓen kansila ya zo suka tsayar da Maharazu, malamin firamare, ya ci. Ya zo godiya ya durƙusa, ta ce:

"Ni na yanke maka cibiya. Duk farkon wata za ka zo gindin tsamiyar nan ka gaya wa mata inda maganar gada ta kwana. Ka fasa, mu canza ka."

Bai taɓa fashi ba. Shekara uku ana kai takarda ana komowa, sannan aka zuba gadar, kuma har yau ba a daina zaman tsamiya ba.

Ranar da mota ta fara ƙetarewa da mai naƙuda, Larai ta raka ta har tsakiyar gadar, ta ce a sauke ta. Ta daɗe tana kallon ruwan.

"Mansura, ga ta nan an yi," ta ce. "Ni ce na makara."