Juma'ar da Suka Zo wa Mushe Illa

Ranar Juma'a ce, an gama yankan gero. Da safe na tatsi akuya, na dama kunu. Mijina, Mushe Illa, yana ƙarƙashin dogon yaro yana ɗaure ƙafar tabaransa da zare. Mahaifiyarsa, Inna, tana ɓarar wake a bakin ɗaki.

Illa malamin lakwal ne, makarantar boko, da ya ajiye aiki, a wani gari tsakanin Illela da Malbaza. Mushe muke ce wa malamin boko a wajenmu. Da Hausa yake rubutu, ana karantawa a rediyo, matasa suna tura wa juna a waya. Ya rubuta cewa ba wanda aka haifa don ya hau kan wani. Ya rubuta cewa fadamar garinmu ta masu nomanta ce, maigari ba shi da ikon sayar wa attajiri. Ba ya karɓar magana don girman rawanin mai faɗinta. Da liman ya sa albarka a cinikin fadamar, Illa ya daina bin sa salla, ya koma yin tasa a gida. Wannan suka riƙe.

Rana ta take. Muna jin huɗuba ta lasifika. Na ji an ambaci sunan mijina. Aka sallame salla. Gari ya yi tsit. Sannan muka ji tafiyar mutane da yawa, ba mai magana. Dutse ya faɗo kan kwanon rufi.

"Hito, kahiri!"

Na gane muryar. Sani ne, ɗan maƙwabciyata. Ni ungozoma ce, da hannuna na yanke masa cibi.

Illa ya miƙe, ya sa hularsa. "Hajo, ɗauki Inna, ku bi ta baya."

Ya nufi zaure. Na ji ya ce, "Ku saurara," bai ƙarasa ba. Na ji ƙarar taɓarya. Na ji dariya. Dariyar ce har yau nake ji.

Na keta darni, na goya Inna. Ba ta da nauyi. Muka faɗa gonar dawa muka kwanta tsakanin kunyoyi. Warin fetur ya iso mu, sai hayaƙi. Ɗakin littattafansa suka fara cinna wa wuta. Ta tsakanin kara na hangi matan unguwarmu suna fitowa daga gidana, wata da tukunya, wata da tabarma. Wata tana jan akuyata.

Da aka kira la'asar suka watse, suka tafi alwala.

Jumma ce ta gano mu, Bafulatanar da ke kawo mini nono. Mijinta ya ɗauko Illa daga ƙofar gida inda aka yar da shi, ya sa shi a amalanken jaki, ya lulluɓe da harawa. Yana numfashi. Fuskarsa ba ta ganuwa. Muka bi hanyar shanu har bakin kwalta.

Motoci suka yi ta wucewa. Wasu suka rage gudu, suka duba, suka ƙara wuta. Direban wata motar siminti ne ya tsaya. Bai tambayi komai ba. Aka ɗora mu bisa buhuna, kan Illa a cinyata. Leɓensa yana motsi, ƙarar inji ta hana ni ji. Kafin mu shiga Konni leɓen ya tsaya. Rana ba ta faɗi ba.

A gidan yayana aka yi zaman makoki. Sai ga mutanen garinmu sun zo gaisuwa, mota guda. Liman ne ya ja addu'a. Maigari ya aiko a ce mini ƙaddara ce, sharrin yara ne. Sani yana cikinsu, da sabuwar riga. Aka kai musu tuwo, suka cinye, suka nemi ƙarin miya.

Yanzu an kewaye fadamar da waya. Matasan garin kuma suna yaɗa hoton Illa, suna kiransa gwarzo. Na san wasunsu. Na san inda suke tsaye ranar nan.

Gidan ya tafi, da rumbu, da rubutun da ya tara tun kafin ya aure ni. Inna ta daina cin abinci, ta bi shi kafin ruwan farko. A Konni aka binne su, cikin baƙi. Mu uku ne a gidan. Saura ni.