Sandan Giyata a Motar Baba Iro

Jama'a, yau da sandan giyar motata aka ja ni daga yashi, har na yi godiya.

Kun san ƙaramin sandan giyar akori-kurata, mai sa ƙafa huɗu su ja, ya daɗe yana zamewa. Na sayo sabo mai ƙarfi daga Kano, na kai wa Sule bakanike, aminina tun firamare a Roni. Ya ce, "Mutumina, an gama. Ko tudun yashi ka hau."

Ɗazu na ɗauko taki zuwa Gwiwa, ga hadari ya haɗo, sai mota ta kafe. Na ja sanda, ya zame. Na leƙa ƙasa, ashe tsohon ƙarfena ne, kan sandan kawai aka sauya!

Ina cikin haka sai ga wani dattijo, Baba Iro, da tasa motar. Ya ɗaura igiya, ja ɗaya ya fitar da ni. Na je yi masa godiya, idona ya faɗa kan sandan giyar motarsa. Sabo fil, amma da kan tsohon sandana, wanda na naɗe da jar roba.

Na ce, "Baba, ina aka samo wannan?"

Ya ce, "Yaron da ke neman 'yata ne ya sa mini kyauta. Sule. Ɗan albarka ne."

Na ce, "Ƙwarai kuwa, Baba."

Me zan ce? Ranar Asabar ni zan raka iyayen Sule neman auren.