Aron da Ya Ci Mini Ido

Lokacin da wannan abu ya same ni, ni malamar firamare ce a wani gari cikin ƙasar Bebeji, ban yi aure ba, ina zaune gidanmu tare da Inna da ƙannena. Tun ina ƙarama nake sa tabarau mai kaurin gaske, domin in babu shi ba na gane fuskar mutum sai ya matso dab da ni. Na sha tsokana a kansa har na gaji da ramawa. Ga kuma takura: in ina girki tururi ya rufe shi, in na hau acaɓa da damina ruwa ya hana ni ganin hanya, in na yi sujada ya zamo kan hanci. Shi ya sa ranar da likitan ido a Kano ya gwada ni ya ce zan iya sa lens, wato ɗan gilashin nan mai laushi kamar ɓawon albasa da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido, na ji daɗi har cikin raina. Na zaɓi mai launin zuma, kuma ba zan ɓoye ba, so nake a ce na yi kyau.

Likita ya ja mini kunne sosai, ni kuma na riƙe. Ba na taɓa shi sai na wanke hannu da sabulu na tsane shi. Kullum in na cire sai na zubar da tsohon ruwan maganin da ke cikin 'yar robarsa na zuba sabo. Ba na kwana da shi, ba na wanka da shi, kuma ya maimaita mini cewa kada ruwa ya taɓa shi, ko na rijiya ko na famfo ko na leda. A gida har dariya ake mini, Inna tana cewa ko mai jego ba ta samun hidimar da nake yi wa wannan ɗan abu. Abu ɗaya ne ban taɓa faɗa musu ba, cewa ba a ba da aronsa, domin bai taɓa zuwa mini a rai ba cewa akwai mai son aron abin da ke shiga idon wani.

Sai ga 'yar goggona ta zo daga Doguwa za ta biki a Kiru, ta sauka gidanmu. Abokiyar wasana ce, kuma duk wanda ke da abokin wasa ya san halin. Tun muna yara take ɗauke mini gyale da takalmi da turare, in na ɓata rai a ce ban san wasa ba. Ranar bikin ni na tafi Tudun Wada ta'aziyya da tabarau a idona, na bar lens ɗin a jiƙe a kan durowa. Da na dawo na tarar da robar a inda na bar ta. Washegari baƙuwa ta koma gida, har da ɗauke mini sabon ɗankwali tana dariya.

Ranar Litinin da safe na sa lens kamar kullum, sai na ji idona na dama ya yi zafi kamar yaji ya faɗa ciki. Likita ya gaya mini in na ji haka in cire nan take. To ranar muke fara jarrabawa, na makara, ɗan acaɓa yana ta danna oda a ƙofar gida, sai na ce zai wuce. Haka na yini da shi a aji. Kafin azahar hawaye ne ke zuba, kafin la'asar ba na iya kallon hasken tsakar gida. Na cire na jefa a roba, amma zafin bai bar ni ba.

Daga nan kowa ya zama likita a gidanmu. Inna ta ce afolo ne, ciwon jan idon nan da ke yawo a gari. Wata maƙwabciya mai goyo ta zo ta tatsa mini nono a ido, wata tsohuwa ta ce a rambaɗa kwalli, wani ya ce ruwan sukari. Ni da nake tsaye gaban allo ina koyar da tsafta, ni ce na kwanta na buɗe ido ana zuba mini duk abin da aka kawo, saboda azaba da kuma kunyar manya. Mai kemis ya ba ni wani maganin ɗigawa, jan ya ragu, muka ce Alhamdulillahi. Bayan 'yan kwanaki ciwon ya dawo fiye da na da, ƙanwata ta leƙa ta ce tana ganin wani farin ɗigo a kan baƙin idon. Nan yayana da ya zo duba ni ya ce ba zai ƙara sauraron kowa ba, ya sa mu a mota ni da Inna sai Kano.

Likitan bai ɓoye ɓacin ransa ba. Ya ce gyambo ne ya fito a kan ƙwayar idon, kuma maganin kemis ɗin ya lulluɓe ciwon ne yana ci ta ciki. Ya tambaye ni ko ruwa ya taɓa lens ɗin, ko wani ya sa shi. Na rantse masa da Allah babu ko ɗaya, har ina jin haushin tambayar. Sai na ji Inna a bayana ta yi gyaran murya. A hankali ta ce ita ce ta ɗauko shi ta ba 'yar goggon nan tawa ranar bikin, don ta roƙe ta tana son idonta ya yi ruwan zuma a hoto, ita kuma ta ga ai kamar ɗan kunne ne, ba ƙarewa zai yi ba. Ta ce da yarinyar ta sa shi sai ta ji jiri, komai ya yi mata dishi-dishi, sai ta cire a tsakiyar biki bayan sun ci waina. Ɗaya ya faɗi kan tabarma, ta tsince shi ta ɗauraye da ruwan buta. Da ta dawo da shi ruwan robar ya zube a jaka, Inna ta cika daga randa don kada in gani in yi faɗa da baƙuwa.

Wallahi ban san irin kallon da na yi wa mahaifiyata ba a ranar. Duk kwanakin da nake birgima a ɗaki ta san wannan, ta yi shiru don kada zumunci ya ɓaci. Na yi ta zirga-zirga tsakanin Bebeji da Kano, ana ɗiga mini magani kusan kowace sa'a, zangon karatu ya ƙare ban koma aji ba. Allah ya sa idon bai tsiyaye ba, amma ya bar tabo. Yanzu da idon dama ina ganin mutane ne kamar ta bayan labule, kuma likita ya ce ni da lens har abada. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da aka kira 'yar goggon tawa, dariya ta fara yi, ta ce ita ai nata idon ras yake. Goggo kuma ta aiko cewa ƙaddara ce, kada in raba zumunci a kan ɗan ɓallin roba. Ƙarshe ni mai ciwon aka sa na ba da haƙuri.

Na rubuto ne saboda 'yan'uwana masu sa wannan abu, musamman yanzu da ya zama kayan kwalliyar biki. Kiyayewarki ke kaɗai ba ta isa ba. Ki zaunar da mutanen gidanku ki gaya musu ƙarara cewa ba a aronsa, ba a zuba masa ruwa, ko wace ce ta roƙa, sannan ki kulle shi. In kin sa kin ji zafi ki cire a take, ko jarrabawa ce ko ɗaurin aure. In ido ya yi ja yana gudun haske, ki ɗauki robar ki tafi wajen likitan ido, kada ki bari a zuba miki komai don kunya. Iyaye kuma ku ji tsoron Allah ku faɗi abin da kuka sani da wuri. Ni na yafe wa Inna tuntuni, na kuma gaya mata. Amma har yau in muna hira ba ta iya kallon fuskata sosai, sai ta tashi ta koma ta gefen haguna ta zauna, inda ba za ta ga tabon ba.