Yatsan Gwaggo a Ƙaurina

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ban ce uffan a nan ba, har wasu suna biyo ni su ji ko lafiya. Lafiya lau. Hadizata ce ta haihu, ina can ina fama da ita. Zaman jegon nata ne ya tuna mini da ciwon da ya kusa raba ni da ita tun ba ta yi arba'in a duniya ba, wajen ƙarshen shekarun tamanin.

A Yola ta Karaye nake aure, amma haihuwar fari ce, sai aka mayar da ni gidanmu a Zoza. Gwaggo Ladi, ƙanwar babana, ita ce mai yi mini wankan jego. Allah Ya jiƙan Gwaggo, ba ta san wasa ba. Safe da yamma ruwa na tafarfasa, ta tsoma ganyen darbejiya ta yi ta fyaɗa mini. In na fito, ga garwashi a ƙarƙashin gado, ga kunun kanwa cike da ƙwarya.

Ina son kunun nan, ba zan ɓoye muku ba.

Bayan suna ƙafafuna suka fara kumbura. Sai haki. Daga ɗaki zuwa bakin rijiya sai na tsaya na huta. Kwanciya ta gagare ni, sai dai a jingina ni da bango, ina tari.

Gwaggo ta dube ni ta ce, "Sanyi ne ya shige ki, wankan bai ratsa ba." Ta ƙara itace, ta ƙara kanwa. Duk don ƙauna ta yi, haka ita ma aka yi mata.

Ranar da na kasa riƙe Hadiza ta sha nono, ranar na ji tsoro na gaske. Na ce shi ke nan, yarinyar nan ba za ta san fuskata ba.

Babana ya sayar da gyaɗar da ya ajiye ta iri, aka sa ni a motar kasuwa, ni da Gwaggo, zuwa Rogo.

Lokacin gwamnati na ta ƙoƙarin kawo asibiti kusa da talaka, shi ne aka turo mana likita. Guda ɗaya tak. Likita Dogo muke ce masa. Shi ne na masu ciki, shi ne na yara masu ƙyanda, shi ke ɗinke wanda fartanya ta sara, in haƙori ya dame ka ma wurinsa za ka.

Ya auna jinina, ya sa aka gwada fitsari, ya saurari ƙirjina. Sannan ya danna ƙaurina da babban yatsa. Ya ɗaga, ramin ya zauna.

Ya ce, "Zuciyarki ce ta gaji, ruwa ya taru miki a jiki. Wa ke yi miki wanka?"

Na faɗa masa, a raina na ce yau Gwaggo za ta sha faɗa. Ashe ban san mutumin ba. Ya aika aka shigo da ita, ya tashi ya ba ta kujerarsa, ya gaishe ta da gida da gona kamar surukarsa.

"Gwaggo, zafin nan da kanwar nan su ne suka fi ƙarfinta."

Gwaggo ta murguɗa baki. "Likita, kai ba a yi wa gyatumarka wankan ba ka fito zanƙalele haka?"

Ya yi dariya. "An yi mata, Gwaggo, ita jikinta ya ɗauka. Zo ki ji na 'yarki."

Ya sa mata abin sauraron ƙirjin a kunne, ya ɗora a bayana. Gwaggo ta kasa kunne. Can ta ce, "Kamar ana suyar gyaɗa a yashi." Ya kama yatsanta ya danna a ƙaurina, ta ga ramin da idonta. Ban taɓa ganin hawayen Gwaggo ba sai ranar.

Ya ce, "Ban hana ki wanka ba, amma da ruwa mai ɗumi. Wutar gado a kashe. Kanwa da gishiri kuwa, ki yafe mini su. Maganin nan ma ke za ki riƙa ba ta, ni ban yarda da kowa ba sai ke."

Aka kwantar da ni, aka yi mini allurar da ke sa fitsari. Kai, na yi zirga-zirga! Ya ce in ban samu sauƙi ba Kano zai tura ni. Allah bai sa an kai ga haka ba. Sannu a hankali numfashi ya dawo, har wata safiya na farka na gan ni kwance miƙe, Hadiza a gefena.

Bayan an sallame ni sai ga ƙarar babur a ƙofar gidanmu. Likita Dogo ne, wai ya zo duba ruwan wankan Gwaggo. Ya tsoma hannu, ya ce ta ci jarrabawa, ta cika masa leda da ƙuli-ƙuli. Tun daga nan duk mai jego a unguwarmu sai Gwaggo ta je ta danna mata ƙafa. In wurin ya lotsa, ba ta sauraron kowa, sai Rogo.

Yanzu in na je asibiti, na ido daban, na ƙashi daban. Suna ƙoƙari, Allah Ya saka musu. Amma ina kewar likitan da ya san ciwona kuma ya san mai hura mini wuta.

Na gode wa Allah. Ina yi wa babana da Gwaggo addu'ar rahama. Likita Dogo, ban san inda rayuwa ta kai shi ba. In yana raye Allah Ya ba shi lafiya, in ya riga mu Allah Ya haskaka kabarinsa.

Mata 'yan uwana, in mai jego tana haki, ko ta kumbura, ko ta kasa kwanciya, kar ku ce sanyi ne. Ku kai ta asibitin da ke kusa da ku, kuma ku tafi da mai yi mata wankan, ita ma ta ji da kunnenta.

Jiya Hadiza na shayar da jaririnta na janyo ƙafarta na danna. Ta ce, "Umma, wai me kike nema kullum a ƙafar nan?"

Na ɗaga yatsana. Babu rami.