Kawu Sale da tsinken ashana

Na zagayo bayan mota ke nan na tarar da Kawu Sale a tsugune cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, yana feƙe wayar lantarki da haƙori.

Motar nan mai ɗaki da kicin muka yi haya daga Manchester, muka biya Balsall Heath muka ɗauke shi. Doguwar wayar jona wa motar wuta da masu motar suka ba mu kuwa mun baro ta can gida a Fallowfield, domin Kawu ya ce kar mu cika kaya, yana da tasa.

Ashe soket ɗin filin da ake kwana da irin motocin nan daban ne, shuɗi mai ramuka zagayayyu. Fulogin gida ba ya shiga. Shi ne Kawu ya guntule kan wayarsa, ya jera tsinken ashana zai danne tsirarar waya a ciki. Ga yayyafi ana yi, ga shi ko takalmi babu.

Na ce, "Kawu, don girman Allah sake ta!"

Ya ce, "Kai yaro ne. Haka muke yi a Zariya, ba ta taɓa kashe ni ba."

Na ce, "Kawu, wutar can ɗaukewa take yi. Ta nan tana ciki kullum."

Ya saki.

Muka sayo waya mai shuɗin kai a shagon wurin. Amma na ga ya mayar da ashanar aljihu.

Jama'a, waye kawun gidanku? Ku sa masa ido.