Hoton Ablaye

Birame Thiaw ya daɗe yana ɗaukar hoto a bakin tekun Ngor, dab da inda nake gasa kifi. Turawa su zo hawan igiyar ruwa a kan allo, shi kuwa ya kutsa ruwa har ƙirji yana ɗaukarsu. Ƙaninsa Ablaye ya fi su iya hawa nesa ba kusa ba, amma Birame bai taɓa ɗaukarsa ba. Kullum sai ya ce, "Kai ai na gida ne, ina za ka? Sai gobe."

Wani Bature da zai koma ƙasarsu ya bar masa fim guda da ɗan gilashi rawaya na bakin kyamara. Ya zuba dogon bayani da yarensa, gogan naka yana ta gyaɗa kai, alhali bai gane komai ba. Tunda na kyauta ne, sai ya ƙarar da shi a kan Ablaye.

Kafin a wanko fim ɗin daga Faransa, teku ta ci Ablaye wajen kamun kifi. Ko gawarsa ba a gani ba. Uwarsu Yande ba ta da roƙo sai ɗaya, ta ga fuskar ɗanta.

A gabana aka buɗe hotunan. Ashe fim ɗin mai juya launi ne, hasken da ido ba ya gani yake kamawa. Bishiyoyin wani tsibiri da ke bayansa sun fito jajur kamar garwashi, ruwa baƙi ƙirin, ga Ablaye a tsakiya, hannuwa sama, baki buɗe.

Tsohuwar ta ce, "Birame, mene ne wannan a bayansa?"

"Bishiyoyi ne, Inna. Fim ɗin ne haka. Dariya fa yake yi."

"Ni za ka koya wa bishiya? Wuta ce. Ihu yake yi. Yaron da bai taɓa fashin salla ba!"

Mun yi bayani har bakinmu ya gaji, liman ma ya yi. Ta ƙi. Ta kama azumi da sadaka har ta rame ta lalace. Hoton kuwa yana can rataye a wani masaukin baƙi, Turawa na tsayawa suna cewa ya yi kyau. In na ji su, raina ɓaci yake.

Ranar da za ta cika, ta riƙo hannun Birame. Ya sunkuya, yana zaton a ƙarshe ta yarda da maganarsa.

Ta ce, "Kada ka damu, ɗana. In na je, ni zan roƙa a fito da shi."